Direkta Janar da Albasar Tabelot

Duk wanda ya ce manyan mutane sun ƙare a Agadez, to bai taɓa bi ta Dagmanet da hantsi ba. Da ya bi, da ya ga Zaharaddin tsaye a ƙofar biro ɗinsa, wato ofis, cikin kostim ruwan toka da karabat ja a wuya, waya a kunnen dama, wata wayar a hannun hagu, yana ba wani mutum a Dubai umarni da ƙarfi. Mu maƙwabta mun daɗe da sanin wayar kunnen daman nan ta mutu tun bara, amma hakan bai taɓa rage wa maganar nauyi ba. Allah ya yi wa bawan nan baiwa, ba ya bukatar a amsa masa kafin ya ci gaba.

Sunan da aka raɗa masa Zaharaddin, ɗan Saratu mai waina ta bakin tasha. Sai dai kada ka kuskura ka kira shi haka a gaban mutane. Direkta Janar ne. Haka aka rubuta da fenti shuɗi a allon da ke saman ƙofa, ƙarƙashin Cabinet International Zaharaddin et Associés. Su associés ɗin, wato abokan haɗin gwiwarsa, mun leƙa mun gan su: bantilatar, wato fanka, mai karyayyen wuya, da butar shayi, da kujerar roba wadda aka ɗaure ƙafarta da tsumma. Ɗakin da can gawayi ake sayarwa a ciki, har yau in ka jingina da bango farar rigarka za ta ba da shaida. Shi ya ce baƙin nan ado ne, haka ake yi a Turai.

Matan unguwa suna ce masa Dokta Wifi, ƴan kabu-kabu suna ce masa Sarkin Rezo, wato sabis ɗin waya. Duk yana amsawa da ɗaga hannu, don bai taɓa zaton akwai mai iya yi masa ba'a a duniyar nan ba.

Karatunsa a daji ya yi shi, can wajen haƙar zinariya a Djado. Ba haƙa ya yi ba, Allah ya kiyaye, hannu irin nasa ba a yi shi don tonon rami ba. Rumfa ya kafa da pano na hasken rana, yana sharjin wayoyin masu haƙa, mutanen Maraɗi da na Zamfara da sauransu. A cewarsa wayoyin da suka bi ta hannunsa sun fi waɗanda kamfani ya ƙera yawa, kuma ilimin da ke cikinsu kaf ta yatsu ya shige masa. Masu haƙa sun dawo, wasu da mota, wasu da tari. Shi ya dawo da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da tabarau wanda gilashinsa bai ƙara komai ba bai rage komai ba, da kalma guda wadda ta hana mu sakat: puroksi.

Ba yadda za a yi ka zauna a Dagmanet ba ka san puroksi ba, don ko gaisuwar mutuwa aka je sai Direkta ya samu kafar da zai shigo da shi. To ga abin a taƙaice, yadda kunnuwanmu suka sha shi a dole. In ka shiga anternet, duk shagon da ka leƙa yana ganin garin da ka fito. Puroksi ɗan aike ne. Kai kana zaune a Agadez, shi ya je ya tsaya a madadinka, mai shago ya ga fuskarsa da garinsa, ba naka ba. Kuma iri biyu ake sayarwa. Akwai rotatif, mai juyawa, wanda duk kalmar da ka faɗa wani sabon ɗan aike ne zai kai ta, daga wani sabon gari. Akwai fixe, mai zama, wanda mutum ɗaya ne zai tsaya maka tun daga sallama har a shafa fatiha. Na farko na taya kaya ne, a ji farashi a wuce ba a gane ka ba. Na biyu na ƙulla ciniki ne, inda ake son wanda ya fara magana shi ya ƙarasa ta. Kamfanin da ke sayar wa Direkta abin ma ya rubuta haka ɓaro-ɓaro da Faransanci a saman shafinsa. Direkta ya karanta mana da bakinsa, ya gyara tabarau, ya ce, "Wannan ra'ayinsu ne."

Wanda ya fara ɗanɗana ra'ayin Direkta shi ne Kamilu, mai sayar da pano da batiri a kasuwa. Kamilu yana son ya san yadda manyan shagunan waje suke sa wa kaya farashi kafin ya aika a saro masa. Aiki ne na yawan tambaya, ko makaho ya san na mai juyawa ne. Direkta ya saurare shi ido a rufe, sannan ya miƙe tsaye, don ba ya iya jawabi a zaune.

"Monsieur Kamilu, dube ni da kyau. Ni zan ɓoye fuska? Ni zan riƙa sauya riga kamar ɓarawon akuya? Jamais! Mutum irina in ya shiga kasuwar duniya, tsayawa yake yi wuri guda, a gan shi, a san shi, a gaya wa na baya. Fixe za mu yi."

Haka kuwa aka yi. Ɗan aike guda ya kafe a ƙofar shagon mutane yana tambayar farashin wannan, da wancan, da na bayan wancan, ba numfashi, bai sayi ko ƙusa ba. Kafin shayi ya tafasa suka rufe masa ƙofa. Allon ordinatar ya yi fari fat, sai jan rubutu a tsakiya: Accès refusé, wato an hana shiga. Kamilu ya riƙe baki. Direkta kuwa fuskarsa ta cika da annuri. "Ka gani?" in ji shi. "Sun gane ni. Tsoro ya kama su." Da yamma ya kai rubutun wajen mai hoto aka buga masa a takarda mai sheƙi, ya sa cikin gilashi, ya rataya a inda wasu suke rataya diplom. Kamilu ya koma shagonsa ya kira wani ɗan uwansa a Kano, ya tambayi farashin da baki.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai za mu yi mu wuce. Amma sai ga Kadidia.

Kowa ya san Kadidia a kasuwar albasa. Mace ce mai jiki, mai ƙarancin magana, ta fara da kashi-kashi a kan tabarma har ta kai ga cika kamyo. Uwarta ƴar Tabelot ce, can cikin duwatsun Abzin, shi ya sa masu garka, wato lambu, na can suke ba ta albasarsu ba takarda ba shaida. Su ɗora, ta kai, ta dawo musu da abinsu. Shekara da shekaru ba a taɓa jin kansu ba. Bana ma haka suka yi, suka haɗa amfanin garkarsu suka cika mata kamyo guda. Akwai na tsofaffi a ciki, akwai na matan da mazansu suka tafi zinariya suka yi shiru. Abin da ke cikin buhunan nan shi ne hatsin shekararsu, kuma a kansa sunan Kadidia yake zaune.

Mai saye wani babban kamfanin sari ne a Abidjan, wanda ya daina ciniki da baki. Sai an shiga shafinsa, a cika bayani, a danna, sannan ya ba ka ranar sauke kaya. In ba ka danna ba kafin la'asar ɗin Alhamis, a ba wani gurbinka. Ƙanenta Marwan, da ke zaune a can, shi ya buɗe mata kont, wato asusu da sunanta a shafin, shi yake shiga kullum daga ɗakinsa, har shafin ya saba da shi ya san garinsa. To Marwan ya ji ƙishin-ƙishin an tono sabuwar rijiyar zinariya, ya tattara ya shige dajin da ko rezo babu. Abin da ya bar wa yayarsa modepas ne, kalmar sirrin shiga, a saƙo, da gargaɗi guda: shafin nan tsarguwa gare shi, kada a shige shi sai ta Abidjan. Albasar Tabelot kuwa ruwa gare ta. Daɗi a miya, amma ba ta san haƙuri ba.

Ranar Alhamis da sassafe Kadidia ta tsaya a ƙofar Cabinet International, ta ce, "Ɗan Saratu, an ce kai ka iya sa mutum shi bayyana garin da ba ya nan."

Direkta ya yi tari mai tsawo don a manta da farkon maganar. Matar nan ta goye shi yana majina, ranakun da uwarsa take fama da tanda. Inna ya kamata ya ce mata. Ya ce, "Madame la cliente, kin zo gidan abin."

"Abidjan nike so. Wuri guda. In shiga, in danna, in hito. Kamyo na tsaye cikin rana."

"Madame, a bar wa masana."

Aikin da bai fi shan ruwa ba ne, da ya yi shi a lokacin. Amma ina! Babban aiki ba a yin sa ba shaidu. Ya ce ta dawo bayan azahar, shi kuma ya bazama unguwa gayyata. Ya aro bencina wajen mai shayi, ya kira Kamilu, ya kira tela, ya kira ƴan kabu-kabu, ya kira mu maƙwabta. Ya juya allon ordinatar ya fuskanci ƙofa don na waje su amfana. Ya sauya karabat, ya sa mai ɗigo-ɗigo. Da aka taru, ya ba Kadidia kujerar robar nan mai tsumma, shi ya tsaya a gefe yana jiran a yi shiru, ko da yake ba mai magana.

"Mesdames et messieurs," ya fara, "yau albasar Tabelot za ta shiga mondialisation. Kwanan baya na tsaya wuri guda, kun ga yadda duniya ta firgita. To na yi nazari. Babban ɗan kasuwa ba ya zama waje ɗaya kamar turmi. Fixe na ƙananan mutane ne, masu gari ɗaya da riga ɗaya. Madame ta zo ta ce mini Abidjan. Abidjan! Ni kuwa duniya gaba ɗaya zan ba ta, ba ƙarin komai. Rotatif!"

Kadidia ta ce, "Marwan ya ce Abidjan."

"Marwan yana rami, Madame. Ni ina biro."

A kusurwar allon akwai wata ƴar tuta da ke nuna ƙasar da ɗan aike yake tsaye. Direkta ya buga suna, ya buga modepas da yatsa ɗaya, yana ɗaga hannu sama bayan kowane harafi kamar mai kiɗan kalangu. Ya danna. Tuta ta fito kore da rawaya. "Brésil!" ya daka tsawa. Aka tafa. Shafin ya buɗe, ya nemi yawan buhuna da nauyinsu. Ya cika, ya danna. Tuta ta zama ja mai tauraro. Shafin ya share duk abin da aka rubuta, ya koma farko yana tambayar wane ne.

"Vietnam! Kun gani? Mun shiga Asiya!"

Ya sake buga suna. Ya sake buga modepas. Ya sake cika buhuna. Ya danna, tuta ta sauya, shafin ya sake sharewa ya sake tambayar wane ne. Direkta bai ga komai a ciki ba sai girmamawa. Ya ce haka manyan wurare suke, a kowace ƙofa sai an tambayi sunanka don a sanar da isowarka. Ƴan kabu-kabu suka fara musu kan ƙasar da za ta fito gaba. Tela ya roƙa a biya da shi Makka, Direkta ya ce ya yi haƙuri, tana kan hanya. Aka je Pologne, aka je Mexique, aka je wata ƙasar da shi kansa bai san tutarta ba, ya ce sabuwa ce, ba a daɗe da buɗe ta ba.

Kadidia ba ta tafa ko sau ɗaya ba. Tana zaune, hannuwa bisa gwiwa, ba tutar take kallo ba, inuwar ƙofa take kallo tana jan ciki zuwa gabas. Wallahi tausayinta ya kama ni.

Ku dai sa kanku a matsayin mai tsaron shafin nan. Ga mai albasa, ta yi sallama daga Brésil, ta faɗi yawan buhunanta daga Vietnam, ta zo sa hannu daga Pologne, duk kafin mutum ya gama alwala. Ko maigadin gidan wa ne sai ya jawo sakata. Shafin ya yi haƙuri iyakar haƙurinsa, sannan allo ya yi fari, jan rubutu ya fito, wannan karon mai tsawo. Ba wanda ya samu karantawa, don Direkta ya yi wuf ya juya ordinatar ta fuskanci bango, ya ce confidentiel. Daidai nan ladan ya kira la'asar.

Kadidia ta ce, "An danna?"

"Madame, abin da ya faru yau ya wuce dannawa. Sun ga girman dossier ɗin, sun kai shi sama. Manyan kiliyan ba a sallamar su a ƙasa. Gobe da safe za su kira ni da kansu."

Ta dube shi. Ba ta karanta Faransanci, ba ta san tuta ba, abin da ta sani shi ne ɗan Saratu ne, kuma ɗan Saratu ba zai dubi idonta ya yi mata ƙarya ba. Ta tashi ta tafi sallah.

Gobe ta zo, aka ce rezo ne. Jibi aka ce hutu ake yi a Abidjan. Gata aka ce shugaban kamfanin ya tafi taro, amma sun gaisa da Direkta, har ya tambayi lafiyar iyali. Ana cikin haka wasu masu sari na nan gida suka taya kamyon gaba ɗaya. Tayin bai kai na Abidjan ba, amma da an karɓa da mutanen Tabelot sun ci tuwo. Kadidia ta zo da kanta ta tambaya ko ta sallama. Direkta ya dafe ƙirji kamar an soke shi.

"Madame! Albasar da ta ga Brésil za ki sayar a Agadez? Kina so a yi da ni a kasuwar duniya? Ki ba ni zuwa gobe."

Ta ba shi. Ta riga ta gaya wa masu garka Abidjan za ta kai, kuma ba ta saba faɗin abu biyu ba.

Kamyo yana nan tsaye a bayan kasuwa, lulluɓe da bash, rana tana dafa abin da ke ciki a hankali. Da farko wani ɗan ɗumi ne yake fitowa in ka sa hannu tsakanin buhuna. Daga nan ruwa ya fara ɗiga ƙarƙashin mota, rawaya-rawaya. Yahaya shofer, wanda yake shimfiɗa tabarmarsa a inuwar taya, ya ja ta zuwa gindin bango, washegari ya ƙetare titi da ita. Ƙudaje suka samu labari, suka gaya wa danginsu.

Da Direkta mai ɓoye abu ne, da har yau ana jiran kiran Abidjan. Amma mutum irinsa ba ya iya samun jan rubutu mai tsawo haka ya bar shi a duhu. Na farkon kalma biyu ce tak, ya sa ta a gilashi, ina ga wannan mai layi-layi? Ya kai wa mai hoto, aka buga, aka sa gilashi, aka rataya kusa da ɗan uwansa. Kamilu ya shigo neman aron abin sharji, ya ɗaga kai, ya karanta. Ya sake karantawa. Ya fita bai ɗauki abin da ya zo nema ba, bai zame ko'ina ba sai rumfar Kadidia.

Abin da rubutun ya ce ba shi da wuya. An ga kont ɗin nan yana tsalle daga ƙasa zuwa ƙasa, an tabbata ya faɗa hannun ɓarayi, an rufe shi. Ba za a buɗe ba sai mai shi ya zo biro ɗin Abidjan da ƙafarsa da katinsa. Gurbin sauke kaya kuwa an ba wani tun ranar Alhamis ɗin.

Waɗanda suke wurin sun ce Kadidia ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Inna lillahi," ta ɗaure zane, ta sa aka yaye bash. Kai jama'a! Warin da ya tashi sai da masu nama suka rufe tukuba. Ta tara matan kasuwa suka zauna tsinta, buhu bayan buhu, hannu cikin ruɓa har gwiwar hannu. Abin da ya tsira ba shi da yawa, shi ma a wulaƙance aka saye shi. Sauran ta ce a mayar cikin buhu a ɗora bisa kamyo. Aka ce mata ta zubar mana, wa yake jigilar ruɓaɓɓiyar albasa zuwa garin albasa? Ta ce waɗanda suka ba ta ba takarda, da idonsu za su ga abin da ya zama, kada gobe wani ya kwana yana tunanin ta sayar ta ci. Haka ake yi tsakaninsu. Raina ya ɓaci ranar nan ba kaɗan ba, don matar nan ba ta taɓa cin ƙwandalar kowa ba, ga shi za ta hau dutse ta je ta tsaya gaban tsofaffi da buhun wari.

Washegari da hantsi muka ji ƙugin kamyo a layinmu, wanda ko amalanke da ƙyar take bi. Warin ya riga shi isowa. Ya tsaya daidai ƙofar Cabinet International, ya rufe allon sunan ruf. Direkta yana tsaye da wayoyinsa, yana tsakiyar sallamar wani minista. Kadidia ta sauko daga gaba, aprantin mota biyu ƙarti suna bayanta.

"Ɗan Saratu, Tabelot za mu. Ni ban iya bayanin Brésil ba. Kai za ka yi musu."

Direkta ya sa hankici a hanci, ya dubi kamyo, ya dube mu, don a lokacin unguwa ta fito kaf. Ya gyara murya.

"Madame la cliente, na fahimci émotion ɗinki. Abin da ya faru incident technique ne, yana faruwa har a Amerika. Cabinet zai duba lamarin a matakin ƙoli. Amma agenda ɗina ya cika maƙil, ina da visioconférence. Zan turo wakili."

"Wakilanka sun ishe ni," in ji Kadidia. "Hau."

Ya ce to, a matsayinsa na Direkta Janar, gidan gaba ya dace da shi, kusa da taga. Yahaya shofer ya ce gaba ta cika, ga Hajiya Kadidia, ga tukunyar gaz da aka aiko a kai wa wani. Direkta ya ce bari ya ɗauko ordinatar. Kadidia ta ce can ba kuran, ba wutar da zai jona ta. Ya ce bari ya gaya wa uwarsa. Sai ga muryar Saratu daga cikin taro, da ludayin waina a hannu, tana cewa, "Na ji. A sauka lafiya."

Aprantin nan biyu ba su ɓata lokaci ba. Ɗaya ya kama hammata, ɗaya ya kama ƙafafu, suka miƙa shi sama kamar buhun da aka manta. Ya sauka da mazaunai kan buhun da ya fi kowanne nuna. Buhun ya yi wata ƴar ƙara mai laushi, ya karɓe shi har ƙugu. Kostim ruwan toka ya fara sauya launi daga ƙasa. Ya yi yunƙurin tashi, hannunsa ya nutse a na kusa.

Amma ku ji mutum! Da ya ga idon Dagmanet duk a kansa, sai ya daina mutsu-mutsu. Ya miƙe wuya, ya gyara karabat da hannun da ke ɗigar ruwan albasa, ya ɗaga mana ɗayan kamar wanda ake rakiya filin jirgi.

"Mission de terrain!" ya ƙwala mana. "Duk wanda ya kira daga Dubai, a ce ina rangadi!"

Kadidia ta hau gaba ta ja ƙofa. Ba ta dube shi ba, ba ta dube mu ba. Ta zuba wa hanya ido, bakinta yana motsi, ina jin tana haɗa kalmomin da za ta fara da su ne in ta isa gaban mutanen da suka yarda da ita. Yahaya ya ba mota wuta.

Hanyar Tabelot ba kwalta, dutse ne da kwari da rairayi, wuni guda mota tana jijjiga abin da ta ɗauko. Daga cikinmu ba wanda ya raka Direkta ko zuwa bakin layi. Ƙudaje ne kawai suka yi masa kara. Yahaya da ya dawo ya rantse mana cewa waɗanda suka tashi da shi daga Dagmanet su ne suka sauke shi a Tabelot, ba a sauya ko ɗaya a hanya ba.